BAYANI: Abin da ya dawo da keke kan hanyoyin karkarar Batsari da Safana

A ƙarshen watan Agusta na 2021, Gwamnan Jihar Katsina na wancan lokaci, Aminu Bello Masari, ya sanya hannu a kan wata doka ta musamman domin daƙile matsalar tsaro. Dokar ta rufe hanyar Jibia zuwa Gurbin Ɓaure da ta Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a manyan kasuwanni, ciki har da na Batsari da Safana, ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma taƙaita sayar da shi ga gidajen mai biyu kacal a kowace ƙaramar hukuma da abin ya shafa, inda ba a ba mutum na sama da Naira 5,000. An hana goyon mutum uku a babur. An kuma ƙarfafa dokar hana zirga-zirgar 'yan acaɓa daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe a ƙananan hukumomin da ke bakin daji. Bayan 'yan kwanaki aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13, su ma Batsari da Safana na ciki.

A cikin jerin abubuwan hawan da dokar ta taɓa babu keke. Ba ya shan mai, ba ya ƙara, kuma ɗan bindiga ba ya kai hari a kansa. Saboda haka ya zama kusan shi kaɗai ne abin hawan da talakan ƙauye zai hau ba tare da ya yi wa jami'in tsaro dogon bayani ba. Shekara biyu bayan haka tsadar fetur ta ƙarasa abin da dokar ta fara. Wanda ke son fahimtar yadda rayuwa ta koma a yammacin Katsina zai ƙaru idan ya bi sawun tayar keke, domin tana bi ta inda kwalta ba ta kai ba, inda kuma hukuma ba ta cika leƙawa ba.

Shimfiɗar ƙasar

Batsari na yamma da birnin Katsina, tafiyar kilomita 50 ko ƙasa da haka kaɗan. Jibia na arewa da ita, Safana na kudu, Jihar Zamfara kuma na yamma da su duka biyun. Ƙidayar 2006 ta nuna Batsari na da mutane sama da 200,000, Safana kuma sama da 180,000, kuma tare da Ɗanmusa suke da kujera ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Hakimin Batsari shi ne Sarkin Ruma, na Safana kuma Yariman Katsina.

Baƙon da ya saba jin cewa ƙasar Katsina shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai zai sha mamaki a nan. Arewacin jihar rairayi ne, gaskiya, amma daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma, a gangara yamma zuwa Safana da Batsari, tsohon dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa ya fito fili. Ga manyan duwatsu masu santsi da suka yi tsaye su kaɗai a tsakiyar gonaki, ga falalen dutse da mata ke shanya a kai, ga tuddai da kwari suna biye da juna. Ba tsaunuka ne irin na Filato ko Mambila ba. Hawa ne gajere da gangara gajera, amma a jere, ta yadda mai keke ba ya daɗewa a kan shimfiɗa ɗaya. Ruwan da ke sauka daga duwatsun nan yana bin ƙoramu ya tafi yamma, ya haɗu da manyan rafuka irin su Bunsuru, ya shiga Zamfara, daga can ya nufi Gulbin Rima.

Hanyoyin kwalta kaɗan ne, kuma kusan duk aikinsu haɗa hedikwata da hedikwata: Katsina da Batsari, Batsari da Jibia, Safana da Dutsin-Ma. Sauran garuruwa irin su Ruma, Wagini, Madogara da Kandawa a Batsari, ko Runka, Zakka, Babban Duhu da Tsaskiya a Safana, kowannensu cibiya ce ta ƙauyuka da unguwanni masu yawa da ba a isa gare su sai ta hanyar burji, ko turba, ko burtalin shanu da ya ratsa tsakanin gonaki. Daga yamma kuma dajin Rugu ya yi musu katanga. A takardun gwamnati wani babban ɓangarensa shi ne gandun Ruma da Kukar Jangarai, wanda aka keɓe wa makiyaya tun zamanin Jihar Arewa.

Wannan ba shi ne karon farko da hanyar yankin ta zama abin tsoro ba. A ƙarni na 19, bayan jihadi, sarakunan Katsina na Haɓe da suka koma Maraɗi, tare da Gobirawa, sun yi ta kawo hari ta wannan dajin, garuruwan bakinsa irin su Ruma kuma suka zama wuraren tsaron iyaka. A 1853 Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya tashi daga Katsina zuwa Sakkwato ta Kuraye da Kurfi da Zakka, kuma bai ratsa dajin zuwa Zurmi ba sai a cikin ayari, saboda tsoron mahara. Ganuwa da dutse su ne mafakar mutanen wancan zamani, shi ya sa tsofaffin garuruwa da dama suka zauna a gindin duwatsu. Hanyoyin da ke haɗa su a yau sun gaji wannan tsari: suna kewaye dutse, suna neman mashigin rafi, ba su damu da miƙewa ba.

Abin da hawa da rairayi ke yi wa mai keke

A shimfiɗaɗɗiyar hanyar burji mai ƙarfi, mutum mai lafiya kan yi tafiyar da ta ninka ta mai ƙafa sau uku ba tare da ya fi shi gajiya ba. Mai ƙafa na cin kilomita huɗu zuwa biyar a awa. Mai keke na cin goma sha biyu zuwa goma sha biyar. Gonar da ke nesan kilomita 10 tafiyar awa biyu ce ga wancan, ga wannan kuma ba ta kai awa ɗaya ba. A wurin da manomi ke son ya isa gona bayan gari ya waye sosai, ya kuma baro ta tun rana na sama, wannan bambanci shi ne ke yanke ko za a yi noman ko a bar gonar saura.

Da zarar an fara hawa, lissafin ya canza. A shimfiɗa, taya ce ke ɗauke da nauyi, ƙafa turawa kawai take yi. A kan tudu kuwa, ƙafa ce ke ɗaga duk nauyin: na mutum, na keke, da na kayan da ke kan kariya. Kekunan da suka fi yawa a karkara, irin su Phoenix na Sin da Hero da Avon na Indiya, da tsofaffin Raleigh da aka taɓa harhaɗawa a Kano, baƙin ƙarfe ne masu nauyi, kuma giya ɗaya gare su. An ƙera su don juriya da ɗaukar kaya, ba don hawa ba. Idan aka ɗaura buhun gero ko na rogo, abin da Batsari ta yi suna a kansa, sai mai keken ya sauka a gindin kowane tudu ya tura. A lokacin nan keken ya tashi daga abin hawa ya koma amalanke mai taya biyu. Duk da haka ya fi ɗauka a ka nesa ba kusa ba.

Gangara ma tana da nata sharrin. Birkin irin waɗannan kekuna sanda ce ke jan roba ta matse gefen wili. Idan wili ya jiƙe ko robar ta cinye, ga kuma kaya a baya, tsayawa sai an haɗa da ƙafa. A gindin gangara kuwa galibi rafi ne ke jira.

Amma wanda ya san hanyoyin nan ya san ba dutse ne babban abokin gaba ba. Rairayi ne. Duk inda hanya ta ratsa ƙorama, da rani taya kan nutse, feda ta ƙi juyawa, sai turi. Da damina kuma, musamman a Agusta, ƙoramar kan kawo cikin ɗan lokaci bayan an yi ruwa a kan duwatsu, ta raba ƙauye da kasuwa da asibiti har sai ta janye. A nan keke ya fi babur da mota da abu ɗaya: ana saɓa shi a kafaɗa a haye. Sai kuma ƙaya. Tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa sun sa famfo da robar faci sun zama kayan tafiya, sun kuma sa mai faci ya zama mai sana'ar da kasuwar ƙauye ba ta ci sai da shi.

Daga babur zuwa keke

Tsofaffi sun san lokacin da keke ke nuna matsayin mutum: malamin makaranta, malamin gona, ma'aikacin En'e. Shigowar babura masu araha daga Sin da Indiya, tun daga wajen shekarun 2000, ta ture shi gefe. Jincheng da Bajaj suka mamaye karkara, acaɓa ta zama sana'ar dubban matasa, keke ya koma na yara da tsofaffi da wanda ba shi da hali.

Babur ɗin da ya buɗe karkara shi ne kuma ya zama dokin 'yan bindiga. Da shi suke fitowa daga Rugu su bi burtali, mutum biyu ko uku a kan kowanne, su afka wa gari su koma kafin motar jami'an tsaro ta gama kewaye kwari. A watan Mayu na 2019 aka kashe manoma 18 a 'Yar Gamji da ke Batsari, mutanen gari suka ɗauki gawawwakin suka kai har birnin Katsina domin mahukunta su gani da idonsu. A ranar 14 ga Fabrairu, 2020, aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. A watan Afrilun wannan shekara aka kashe 47 a hare-haren da suka haɗa Safana da Ɗanmusa da Dutsin-Ma. Wannan ya faru ne 'yan watanni bayan sulhun da gwamnatin Masari ta ƙulla da 'yan bindiga a Satumban 2019, wanda ya wargaje.

Martanin hukuma a kowane mataki shi ne ta kama babur. A Mayun 2019 rundunar sojan ƙasa ta haramta hawansa a dazuzzukan jihohi bakwai, har da Katsina. Sai dokar 2021. A Yulin 2022 ma Gwamnatin Tarayya ta ce tana duba yiwuwar hana shi a duk ƙasar. Hujjar a fili take, kuma ba ta rasa ƙanshin gaskiya: idan aka yanke wa ɗan bindiga fetur an karya masa ƙafa. Sai dai dokar ta fi kama wanda ke bin ta. Mai riƙe da kuɗin fansa yana iya sayen mai ko nawa ne daga hannun masu safara. Ɗan acaɓa da manomi su ne suka tsaya a layi, su ne kuma suka ajiye babur a zaure.

Sai ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ke ƙasa da Naira 200 a farashin gwamnati ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A Agustan 2023 aka rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin Yamai, abin da ya daki kasuwancin Jibia da maƙwabtanta har zuwa Maris na 2024. Kuɗin acaɓa ya tashi, kuɗin shiga bai tashi ba. A biranen Arewa da ƙauyukanta aka ga mutane suna fito da tsofaffin kekuna daga ɗaki suna kai wa masu gyara. Akwai masu kallon wannan a matsayin ci gaba, wai ga lafiyar jiki ga tsabtar iska. A Abuja yana iya zama haka. A Wagini ko Runka ba zaɓi ba ne, kuma bai kamata a yi wa dole kwalliya ba.

Akwai abin da keke ba zai iya ba. Ba ya kai mace mai naƙuda babban asibiti da tsakar dare. Ba ya tsere wa babur. Mai keken da ya yi kaciɓis da 'yan bindiga a burtali ba shi da wata dabara sai ya yar da shi ya faɗa cikin hatsi, idan hatsin ya yi tsawo. Kuma a al'adar yankin manyan mata ba sa hawa, don haka duk sauƙin da ya kawo ya tsaya ne a kan maza da yara.

Hanyar wa ce?

A Najeriya an kasa hanyoyi gida uku: na Gwamnatin Tarayya, na jiha, da na ƙaramar hukuma. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi aikin yi da gyaran hanyoyi da magudanan ruwa na cikin yankunansu. Wato mafi yawan hanyoyin da mai keke ke bi a Batsari da Safana na hannun matakin gwamnati mafi rauni, wanda shekara da shekaru kuɗinsa ke bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. A Fabrairun 2025 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Katsina, jam'iyyar APC ta lashe duka 34. Saboda haka akwai zaɓaɓɓun shugabanni da kansiloli da ake iya tambaya, kuma tambayar mai sauƙi ce: a kasafin bana, nawa aka ware wa hanyoyin ƙauye, wace ƙorama ce za ta sami kwalbati?

Katsina na cikin jihohin da suka shiga shirin RAAMP na hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 tare da hukumar raya ƙasashe ta Faransa. Matsalar irin wannan shiri a bakin daji ita ce ɗan kwangila ba ya kai katafila inda za a sace ma'aikatansa. Sai abin ya zama gaba kura baya sayaki: rashin tsaro ya hana yin hanya, rashin hanya ya hana jami'an tsaro isowa a kan lokaci. Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023 ita ma sai da aka haɗa ta da ɗaruruwan babura, domin motar sintiri ba ta bin burtali.

Abin lura shi ne buƙatar mai keke ba ta da tsada. Ba kwalta yake nema ba. Burjin da aka daddaɓe, da kwalbati a mashigin rafi, da lambatu a gefen gangara don kada zaizayar ƙasa ta cinye hanya, sun ishe shi, sun kuma ishi amalanken shanu da babur da motar a-kori-kura. Sai dai irin wannan aiki ba a yanka masa kirtani a gaban 'yan jarida, shi ya sa ba ya burge ɗan siyasa.

Sulhun 2025, da zancen tsere

A Janairun 2025 wasu jagororin 'yan bindiga a Batsari, waɗanda aka fi sani da Abu Raɗɗe da Umar Black, suka miƙa wasu makamai tare da sakin mutanen da suke tsare da su. A cikin shekarar irin wannan sulhu ya bazu zuwa Jibia, Ɗanmusa, Safana da wasu ƙananan hukumomi. Gwamnatin jiha ta ce ba ita ke neman sa ba, al'ummomi ne da shugabanninsu. Abin da talaka ya fi sa wa ido a cikin yarjejeniyoyin shi ne zirga-zirga: manomi ya je gona, makiyayi ya shigo kasuwa. Masu suka kuma suna nuni da cewa an ga 'yan bindiga a wuraren taron rataye da makamansu, kuma an taɓa yin irin wannan a 2017 da 2019 bai ɗore ba. Hanyar da aka buɗe da alƙawarin mai bindiga tana nan a buɗe ne muddin yana so.

A Satumban 2025, lokacin da ake wannan muhawara a Katsina, birnin Kigali ya karɓi gasar tseren keke ta duniya, karo na farko a nahiyar Afirka. Ruwanda ƙasa ce ta tuddai, wadda ta ga kisan ƙare-dangi a 1994, kuma kekunan dakon kaya a ƙauyukanta sun girmi na tsere. Daga cikin masu dakon ne aka sami wasu 'yan tserenta na farko. Burkina Faso na gudanar da Tour du Faso tun 1987. Ɗan Eritiriya Biniam Girmay ya lashe koriyar riga a Tour de France ta 2024. A wannan shekarar ce Ese Ukpeseraye ta zama ta farko da ta wakilci Najeriya a tseren keke a gasar Olamfik, a Paris, kuma sai da tawagar Jamus ta ara mata keke kafin ta shiga tseren cikin fili. Mutane da yawa ba su manta da Ojo Maduekwe ba, ministan sufurin da ya yi wa keke kamfe a 2001, har wata bas ta ture shi cikin kwata a Abuja yana kan hanyar zuwa taron majalisar zartarwa.

Ta fuskar shimfiɗar ƙasa, babu abin da ya hana a zana hanyar tsere daga Katsina zuwa Batsari, a gangara Safana, a ɓulla Dutsin-Ma, a dawo ta Kurfi. Hawa da gangarar da ke wahalar da mai dakon rogo su ne ainihin abin da 'yan tsere ke nema, kuma daga Nuwamba zuwa Janairu, bayan an kawar da amfanin gona, ƙasa ta bushe, zafi ya sauka. Yaron da ya saba tura baƙin keke da jarkoki huɗu na ruwa a kan tudu yana da ƙafar da mai horarwa zai yi murna da ita. Amma tseren keke shi ne wasan da ya fi kowanne dogara da tsaro, domin ba a yin sa a cikin katanga. Ana buƙatar ɗaruruwan kilomita na hanya a buɗe, 'yan kallo a tsaye a bakin kowane ƙauye, 'yan tsere a warwatse, wani ya yi gaba, wani can baya shi kaɗai. Hukumar da za ta amince da irin wannan hanya sai ta fara tambayar ko malamin firamare na iya hawa kekensa daga Safana zuwa Runka ranar Litinin da safe ya dawo da la'asar, sati bayan sati, ba tare da ya kira wani ya tambayi labarin hanya ba.